Na kai 58, makina a bolin sai sauka yake: in haƙura ne?

Wa alaikumus salam, Alhaji.

Abin da na fahimta daga saƙonka shi ne, shekarunka 58, kana zaune a Agege, ka koyi wasan bolin, wato mirgina ƙwallo mai nauyi a kan dogon layin katako don kayar da sanduna goma masu siffar kwalba, tun kana saurayi lokacin da kasuwanci yake kai ka ƙasashen waje, kuma har yau kakan ɗebi 'ya'yanka ku tsallaka Lekki ku buga. Yanzu gwiwar hagu ta fara damunka, makin da ka saba ci ya sauka, yaran sun fara shan gabanka. Abin da ya fi ɗaure maka kai kuma, ko an cinye ka ba ka jin zafin da kake ji a da. Shi ne kake tambaya ko lokacin ajiye ƙwallo ya yi.

Kada ka ajiye. Na daɗe ina buga wasan nan ina kuma koyar da shi, kuma abin da ka kwatanta na sha ganinsa wajen waɗanda suka haura hamsin. Wasan da ka koya da ƙuruciya shi ne ya zo ƙarshe. Akwai wani wasan a cikin bolin ɗin, a kan layin nan dai da kwalaben nan goma, wanda saurayi ba ya lura da shi don ƙarfi ya ishe shi. Shi ne naka yanzu, kuma a ganina ya fi na farkon daɗi.

Bari mu fara da lissafi, don a nan saurayi da dattijo suke rabuwa. Wasa ɗaya zagaye 10 ne, kowane zagaye jifa biyu. Wanda ya kwashe kwalabe goman a jifan farko ya yi sitiraik, za a ba shi 10 a ƙara masa abin da jifa biyu na gaba suka kawo. Wanda sai a jifa na biyu ya ƙarasa su ya yi safaya, yana da 10 da abin da jifa ɗaya na gaba ya kawo. Ka san wannan tuntuni, amma zauna ka buga lissafin da biro. Ga saurayi mai jini a jika, ya yi sitiraik huɗu a wasa ɗaya, kowanne da ƙararsa, abokai na tafi. Sai dai a warwatse suke, babu biyu a jere, kuma a sauran zagaye shida yakan tsaya a 8, ya bar kwalba biyu a tsaye. Makinsa 120. Ga dattijo kuma, bai yi sitiraik ko ɗaya ba, kullum 8 yake kwasa a jifan farko, amma biyun da suka rage ba sa tsira a jifa na biyu. Makinsa 180. Da 9 yake kwasa a jifan farko, da 190 zai tashi. Babu wanda ya tafa masa ko sau ɗaya, ya kuma bar yaron da tazarar maki 60.

Kwalba ɗaya tak da ka bari a tsaye a ƙarshen zagaye, maki 10 ko 11 take cinye maka. Uku irinta a wasa ɗaya, ka yi asarar 30 ko fiye. Yawancin dattawan da ke zuwa mini da kukan ƙarfi ya ƙare, idan na tsaya bayansu na kalli wasa biyu, sai in ga ba a jifan farko makin yake zubewa ba. A na biyu yake zubewa. Da ƙuruciya sitiraik ne yake rufe musu asiri, shi ya sa ba su taɓa zama sun koyi safaya ba. Da sitiraik ya ragu sai ramin ya bayyana, su kuma su ɗora wa shekaru laifin duka.

Ba lallashinka nake yi ba, tarihin wasan ma haka ya nuna. A Amurka akwai ƙungiyar ƙwararrun 'yan bolin, PBA, da aka kafa a 1958. Wanda ya fi kowa yawan kambu a gasanninta shi ne Walter Ray Williams Jr., yana da kambu 47, kuma na ƙarshen ya ci shi ne a 2010 a gasar USBC Masters yana da shekara 50. Ba a san shi da lanƙwasa ƙwallo sosai ba, saiti ne makaminsa, ya sa ƙwallo inda ya nufa ya kuma sake sa ta a wurin. Norm Duke ya ci kambunsa na farko a 1983 yana ɗan shekara 18, sai ga shi a 2019 yana da 54 ya ci gasa biyu a jere a tsakiyar yaran da ya haife su. John Handegard ya ci tasa a 1995 yana da 57, wato shekara ɗaya ce tsakaninku. Banda wannan akwai rukunin gasa na musamman ga waɗanda suka kai hamsin, PBA50. A ƙwallon ƙafa ko dambe, mai irin waɗannan shekaru ya daɗe da komawa ɗan kallo.

Dalilin yana cikin yadda kwalaben suke faɗuwa. Kowace tana da lamba, ana ƙirgawa daga hagu zuwa dama: ta 1 a gaba, ta 2 da ta 3 a bayanta, sai ta 4 zuwa ta 6, sai ta 7 zuwa ta 10 a sahun ƙarshe. Idan mai jifa da dama ya yi sitiraik mai kyau, kwalabe huɗu kaɗai ƙwallon take taɓawa: ta 1, ta 3, ta 5 da ta 9. Sauran shidan 'yan uwansu ne suke kayar da su. Don haka abin nema shi ne ƙwallo ta shiga aljihu, wato tsakanin ta 1 da ta 3, da ɗan karkace. Kowace kwalba nauyinta bai wuce kilo ɗaya da rabi da ɗan kai ba. Ƙwallo mai kilo shida da ta shiga aljihu ta fi mai kilo bakwai da ta daki ta 1 a goshi, don wannan dukan goshin shi ke barin kwalabe a rabe, ɗaya a wannan kusurwa ɗaya a waccan, abin da ko ƙwararru ke shan wuyarsa.

To amma kada in ɓoye maka, akwai abin da ya tafi kuma ba zai dawo ba. Tsokar jikin ɗan Adam tana fara raguwa a hankali tun daga wajen shekara talatin, bayan sittin kuma raguwar takan ƙara sauri. Gudun ƙwallonka zai ragu. Wasa shida da kake bugawa a zama ɗaya ka tashi garau, yanzu uku ma sai ka ji su a jiki washegari. 'Ya'yanka kuma na tabbata suna kallon Jason Belmonte a YouTube, mutumin Ostareliya nan mai jifa da hannu biyu, suna kwaikwayonsa, ƙwallonsu tana juyawa tana lanƙwasawa fiye da yadda taka ta taɓa yi. Bar musu. Wannan salon ƙugu da gadon baya yake ci, kuma ba da shi za ka kama su ba.

Abu na farko da za ka gyara shi ne nauyin ƙwallo. Doka ta tsaida mafi nauyi a laba 16, kilo 7.26 ke nan, kuma na san mazan zamaninmu da yawa sun ɗauki 16 a matsayin mazantaka. Ƙwararru da yawa ma 15 suke jifa. Sauko 14. In kafaɗa ko gwiwar hannu na ciwo, sauko 13 ko 12, babu abin kunya a ciki. Gwajin mai sauƙi ne: a wasa na uku, shin kana iya sakin ƙwallo yadda ka sake ta a wasa na farko? In hannu ya fara jan ta, ko kafaɗar dama ta fara zubewa ƙasa, ta yi maka nauyi.

Nauyin ma bai kai ramukan yatsu muhimmanci ba. Ƙwallayen da ake jerawa a gidan wasa don kowa da kowa aka huda su, ramukan manya ne. Da babban yatsa ya ji yana yawo a rami, hannu da kansa zai matse ƙwallo, matsewar nan kuma ita ce uwar ciwon wuyan hannu da gwiwar hannu, ita ce kuma ke sa ƙwallo ta maƙale ta fita a makare. Tun da kana tafiye-tafiye, idan hanya ta kai ka Dubai ko Landan, nemi gidan bolin mai shagon huda ƙwallo, a auna hannunka a huda maka taka. Kada ka aiki yaro ya sayo hudadda, dole sai da hannunka a wurin. Mai ƙwallo ta kansa da aka huda masa yana matashi ma ya kamata a sake auna shi, don yatsu suna sauyawa da shekaru, gaɓoɓi su yi kauri, miƙewarsu ta ragu. In hali ya yi ka haɗa da ta roba mai santsi wadda ba ta lanƙwasawa, ita ce ta safaya.

Sai maganar mai, wadda mutane da yawa ke bugawa shekara da shekaru ba su san da ita ba. Daga bakin layi zuwa kwalba ta 1 ƙafa 60 ne, mita 18 da 'yan kai. Ana shafa mai a kusan ƙafa 40 na farko, sauran a bushe yake. Ƙwallo tana sulɓi a kan man, sai ta isa busasshen wuri ta kama katako ta juya. Idan gudunta ya ragu, tana samun lokacin kama katako da wuri, sai ta lanƙwasa tun kafin ta isa, ta tsallake aljihu ta faɗa hagu. Dattijo ya ga haka sai ya ce saitinsa ya lalace, ya ƙara cijewa ya wurga da ƙarfi, abin ya ƙara taɓarɓarewa. Saitin yana nan. Matsa ƙafafunka hagu da faɗin biyu ko uku na siraran katakon da aka jera aka yi layin da su, ka bar idonka a kan kibiyar da ka saba cikin waɗanda aka zana a kan layi don saiti. In gudu kake so, ɗaga ƙwallon sama kaɗan lokacin da kake tsaye kafin taku, ka bar nauyinta ya yi lilo da hannunka, kada ka tura ta da tsoka. Kuma gidajen bolin ɗinmu na Legas na nishaɗi ne, na bikin ranar haihuwa da fitar iyali, ba kullum za ka tarar da mai a shafe yadda ake yi wa layin gasa ba. A irin wannan layin mai jifa miƙaƙƙe ya fi mai lanƙwasawa kwanciyar hankali. Wannan riba ce a gare ka a kan yaran.

Gwiwar hagu kuwa, ita ce ke ɗaukar nauyinka da na ƙwallo a takun ƙarshe, tun da da dama kake jifa. Ana so ƙafar ta ɗan zame ta tsaya a hankali. In ta kafe tsam, duk nauyin a gwiwa yake sauka. Damshin Legas, musamman da damina, yana sa wurin taku ya yi danƙo, don haka kafin jifan farko ka yi takun ba ƙwallo ka ji yadda ƙasan take. Ga wani abu da ya shafe mu musamman: kada ka shiga wurin alwala da takalmin bolin. Ɗigon ruwa ɗaya a tafinsa ya isa ya kafe ka a bakin layi, jiki ya wuce ƙafa ta tsaya. Na ga dattijo ya dawo daga sallar la'asar ya kife a kan layi ta wannan hanyar, ƙwallo na hannunsa. Cire shi, sa silifas ɗinka, ka busar da ƙafa kafin ka mayar. Rage tsawon taku, rage sauri, kada ka durƙusa sosai kamar da. Minti biyar na miƙe jiki kafin a fara ba ɓata lokaci ba ne, ko da agogon layin yana tafiya.

In gwiwar tana kumbura, ko tana hana ka sujada, ko tana tashe ka da dare, wannan ya wuce shawarar mai koyar da wasa. Je asibiti a duba. Haka in kana da hawan jini ka ji jiri ko nauyi a ƙirji. Ka kuma sani bolin kaɗai bai isa motsa jiki ba, zaman jiran layi ya fi jifan yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka kwana biyu. Tafiyar ƙafa bayan asuba, da tashi-zauna daga kujera ba tare da dafa hannu ba, su za su riƙe maka cinyar da ke kare gwiwar.

Idan kana sa tabarau mai hawa biyu, na karatu a ƙasa na nesa a sama, yana iya rikita maka kallon ƙasa. Kibiyoyin suna wajen ƙafa 15 daga bakin layi. In sun fara yi maka dishi-dishi, koma kan ɗigogin da ke tsakaninka da su, sun fi kusa.

Yanzu ga abin da na ga ya fi damunka, wato mutuwar zafin nan. Ka ɗauka son wasan ne ya mutu. Ni ban ga haka ba. Mutumin da son wasa ya fita ransa ba ya tasowa daga Agege ya sha cunkoson Oshodi, ya hau gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12, ya ratsa har Lekki, ya biya kuɗin layi. Abin da ya fita ranka shi ne buƙatar a gan ka. Saurayi allon maki yake bugawa, da idon waɗanda ke layin gefe. Ya yi sitiraik ya waiwayo ya ga wa ya gani, ya jefa kwata, wato ramin da ke gefen layi, ya ɓata rai har zagaye uku su lalace. Dattijo in ya jefa kwata tambayarsa ita ce me ya faru, ƙafa ce ta yi sauri ko hannu ne ya juya da wuri, ya gyara a jifa na gaba. Ka duba masu dara a gindin bishiya, ba mai buga ɗa da ƙarfi ke ci ba, mai shiru ne da ya hango wasa uku a gaba. Wannan sanyin zuciyar ƙwararru nemansa suke ido rufe, kai kuma shekaru sun ba ka shi. Da shi ne mutum ke lura cewa man ya fara gogewa a wasa na biyu, ya matsa tun kafin layin ya hukunta shi.

Akwai kuma abin da ba ka rubuta ba amma na san ana faɗa, cewa Alhaji guda da furfura me ya kai shi wasan yara. An faɗa mini ni ma. Ban ga zubar da girma ba a wasan da babu caca a ciki, bai hana salla ba, kuma uba yana tare da 'ya'yansa awa biyu babu mai latsa waya. A garin nan da kowa ke fita kafin gari ya waye ya dawo bayan isha, iyaye nawa ke samun wannan? Abin da zan yarda da shi shi ne lokaci. Daren Juma'a da na Asabar wuraren nan kiɗa ne da hayaniya da fitilu masu walƙiya, ba su dace da kai ba, ba su kuma dace da koyon komai ba. Ka zaɓi rana a tsakiyar mako, ko safiyar Asabar da an buɗe.

Maganar yara sun wuce ka kuwa, wasan da kansa ya tanadi maganinta. A gasannin rukuni ana ba kowa ƙarin maki gwargwadon matsakaicinsa, don mai rauni ya iya karawa da gwani. Wata hanyar da aka saba ita ce a cire matsakaicin mutum daga 220 a ba shi kashi 90 cikin 100 na abin da ya rage. In naka 140 ne, za a ƙara maka 72. In na babban ɗanka 170 ne, za a ƙara masa 45. Kowa ya buga yadda ya saba, kai 212, shi 215. Ka ga ke nan safaya ɗaya ce za ta raba ku, kuma wanda ya fi kansa na jiya shi ne zai ci. Ku fara wannan a gida. Idan jikoki sun biyo ku, a ɗaga musu shingen da ke hana ƙwallo faɗawa kwata, kai kuma ka tsaya bayansu ka nuna musu kibiya. Za ka ga koyarwar tana gyara naka jifan, don ba ka iya ce wa yaro ya bi a hankali kai kana gaggawa.

Ga yadda za ka koyi safaya. Tsaya inda kake tsayawa don sitiraik, ka riƙe kibiyarka. In kwalba ta 2 ce ta rage, matsa dama da katako uku. In ta 4 ce, shida. In ta 7 ce, can kusurwar hagu, tara. Idon yana kan kibiya ɗaya, ƙafa ce kawai ke matsawa. Wannan mafari ne, kowa yakan ƙara ko ya rage katako ɗaya gwargwadon jifansa. Ta 10, wadda ke kusurwar dama a bakin kwata, ita ce ke wahalar da masu jifa da dama. Koma can gefen hagu, ka fuskance ta da ƙirjinka, ka jefa miƙaƙƙe ta ratsa layin a karkace, ba lanƙwasa ko kaɗan. A nan ƙwallon roba take biyan kuɗinta.

Zuwanka na gaba ka ware wasa ɗaya wanda ba ruwanka da allo. A kowane zagaye jifan farko ka nufi ta 10, na biyu ka nufi ta 7, ko da sauran kwalaben suna tsaye. Makin zai yi muni, ka gaya wa yaran tun farko don kada su ɗauka wani abu ne ya same ka. A sauran wasannin kuma ka riƙe 'yar takarda, ka daina rubuta jimilla, ka rubuta zagaye nawa ka bari a buɗe da kuma wace kwalba ce ta tsaya. Bayan wata biyu ka turo mini takardar da nauyin ƙwallon da ka koma, da abin da likita ya ce game da gwiwar, sai mu ga inda za a taɓa. Allah Ya ƙara lafiya, a gaida yaran.